Amsoshin Tambayoyinku: Office Biyu a Kwamfuta Ɗaya, Zai Yiwu?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, ya muka ji da sanyin garin namu na Jos? Ga mu kuma a filin amsoshin tambayoyinku, inda muke buɗe wasiƙu da saƙonnin da kuke aiko mana a kan kwamfuta da waya. A wannan makon na ware saƙonnin da suka zo a kan magana ɗaya, duk da kowa da abin da ya dame shi: shin mutum zai iya ɗora Microsoft Office iri biyu, tsoho da sabo, a kwamfuta ɗaya?

Wasiƙar farko ta fito daga wani bawan Allah mai shagon buga takardu a titin Bauchi, kusa da jami'a. Ya ce Office 2010 ne a kwamfutarsa, hannunsa ya saba da shi, yaran shagon ma da shi suka koyi aiki. Amma idan lokacin kundin kammala karatu ya zo, ɗalibai suna kawo aikinsu a filashi, da ya buɗe sai ya tarar shafuka sun goce, babi na biyu ya hau kan wutsiyar babi na ɗaya, jadawali ya tsinke gida biyu. Yana so ya ɗora Office 2021 ba tare da ya cire na 2010 ba. Ya ce wani injiniya ya gaya masa ba ya yiwuwa, wani kuma ya ce yana yiwuwa, shi ne yake so a raba masa gardama.

To Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Duk injiniyoyin nan biyu kowa ya faɗi gaskiya, sai dai kowa ya faɗi rabinta. A naka lamarin, wato 2010 da 2021, yana yiwuwa. Da 2019 da 2021 ka tambaya, da na ce maka a'a. Bari in faɗa maka dalili, domin in ka gane shi ba sai ka sake tambayar kowa ba.

Shekarar da ake rubutawa a jikin Office suna ne na kasuwa. A ciki kowanne yana da lambar da Windows ta san shi da ita. Office 2007 lambarsa 12, na 2010 lambarsa 14, na 2013 lambarsa 15, na 2016 lambarsa 16. Daga nan kamfanin Microsoft bai ƙara matsar da lambar ba: na 2019, da na 2021, da na 2024, da Microsoft 365 da ake biyan kuɗinsa wata-wata ko shekara-shekara, dukkansu 16 ne. In ka leƙa cikin Program Files a kwamfutarka yanzu, za ka ga jaka mai suna Office14, to ita ce mazaunin naka na 2010. Abin kamar gidan haya ne: mai ɗaki na 14 da mai ɗaki na 16 za su zauna lafiya, amma mutum biyu da aka rubuta wa ɗaki na 16 dole ɗaya ya kwashe kayansa.

Akwai kuma hanyar girkawa. Na da ana ɗora su ne daga faifai ko daga fayil ɗin girkawa irin na gargajiya, wanda injiniyoyi ke kira MSI. Sababbin kuwa da wata hanya suke zuwa mai suna Click-to-Run, wadda ke jawo kayan daga intanet. Na 2013 da na 2016 sun fito ta hanyoyin biyu duka, daga 2019 zuwa sama kuma Click-to-Run ce kaɗai. Ƙa'idar kamfanin ita ce, ba a haɗa biyu masu lamba ɗaya da aka girka ta hanyoyi daban, kuma ba a haɗa biyu masu lamba daban idan dukkansu Click-to-Run ne alhali kowanne yana ɗauke da nasa Word da Excel. Naka tsohon MSI ne mai lamba 14, sabon Click-to-Run ne mai lamba 16, saboda haka ka tsallake duka biyun.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Inda mutane suka fi maƙalewa shi ne maganar 32-bit da 64-bit, wato jinsi biyu da ake gina manhaja a kansu. Dole Office ɗin biyu su zama jinsi ɗaya. Na 2010 yawanci 32 ake ɗorawa, domin shi ne faifan ke zaɓa in ba a hana shi ba, sababbin kuma 64 suke zaɓa da kansu. Sai ka fara girkawa, ka ƙona data, can ya tsaya ya ce ba zai ci gaba ba sai ka cire tsohon. Don haka tun kafin ka taɓa komai, buɗe Word ɗinka na 2010, danna File, ka sauka kan Help, a gefen dama za ka ga lambar siga da 32-bit ko 64-bit a jikinta. Abin da ka gani, shi za ka zaɓa wa sabon. Ka kuma tabbata Windows ɗinka 10 ce ko 11, domin Office 2019 da 2021 ba sa hawa Windows 7, kuma na san har yanzu akwai shagunan da ita suke aiki.

Tsari kuma, tsoho ake fara ɗorawa sannan sabo. Kai wannan ya zo maka da sauƙi tunda tsohon yana nan. Wanda kuma zai haɗa tsofaffi biyu, misali 2007 da 2010, in faifan ya buɗe kada ya danna Upgrade, domin zai share na baya. Ya danna Customize, ya zaɓi inda aka ce a bar sigogin da suka gabata. Outlook dai, wato na saƙon imel, guda ɗaya ake bari, kada a ce za a yi aiki da biyu.

Bayan ka gama, ga abin da za ka gani a shagon. Duk takardar da ka danna sau biyu, sabon ne zai buɗe ta, domin wanda aka ɗora ƙarshe shi ke karɓe fayilolin. In da tsohon kake son aiki, shi za ka fara buɗewa, sannan daga cikinsa ka nemo takardar. Wata rana kuma za ka ga abin ya juye, tsohon ya ƙwace. In haka ta faru, shiga wurin cire manhajoji, zaɓi wanda kake so ya zama na gaba, ka yi masa Repair, zai dawo da matsayinsa. Masu haɗa 2007 da 2010 kuma suna fama da wani abu: duk sanda suka sauya daga wannan Word zuwa wancan, sai akwatin girkawa ya fito ya tsayar da su, kwastoma na tsaye yana jira. Maganinsa wani ɗan saiti ne mai suna NoReReg da ake ƙarawa a rajistar Windows. Wannan aikin injiniya ne, in ba ka saba shiga wurin ba kada ka shiga.

Na amsa abin da ka tambaya, Malam. Yanzu bari in faɗi abin da nake gani, domin ina jin ko ka ɗora sabon, tsugune ba ta ƙare ba. Shafukan nan ba tsufan Word ne kaɗai ke gotar da su ba. Babban dalili zubin haruffa ne, wato font. Ɗalibi ya yi rubutu da wani zubi da ke kwamfutarsa, taka ba ta da shi, sai Word ya musanya masa da wani mai faɗi ko mai tsawo daban, layi ya ƙaru, shafi ya ture shafi. Kafin 2007 Times New Roman ne Word ke farawa da shi, daga 2007 aka koma Calibri, a 'yan shekarun nan kuma Microsoft 365 ya koma wani mai suna Aptos, wanda tsofaffin kwamfutoci ba su san shi ba. Sannan akwai girman takarda: da yawa kwamfutocin da ake shigowa da su an saita su a kan Letter na Amurka, mu kuma A4 muke sa wa firinta. Gaskiya ne daga Word 2013 an ɗan sauya yadda ake jera layi da jadawali, wannan ma yana taka rawa, amma ba shi kaɗai ba ne.

Shawarata, ka rubuta a kwali ka manna a ƙofar shago: duk mai son a buga masa kundi ya zo da shi a PDF. PDF yana tafiya da haruffansa da tsarin shafinsa, yadda ɗalibi ya gan shi a ɗakinsa haka zai fito a firintarka. Sababbin Word duka suna iya ajiye takarda a PDF ta Save As, naka na 2010 ma yana yi. Wanda ya zo da gyara kuma, a gyara a kwamfutar shago, a duba shafi-shafi tare da shi, sannan a buga. Wannan zai rage maka asarar takarda da tawada fiye da ɗora Office na biyu.

Saƙo na biyu daga wata Malama ce a Bukuru, mai riƙe lissafin wata ƙungiyar adashi da bashi ta ma'aikata. Ta ce a ofis Microsoft 365 suke da shi, a gida laftof ɗinta na da Office 2016. In ta zo da fayil ɗin Excel gida ta taɓa shi, sai wasu gidajen lissafin su cika da #NAME?, in ta duba dabarar da ke ciki sai ta ga wasu haruffa _xlfn a gabanta. Tana so ta ƙara 365 a kan na 2016.

Malama, sannu da ƙoƙari. Waɗannan biyun dukkansu masu lamba 16 ne, ba za su zauna tare ba, sai dai ki zaɓi ɗaya. Fayil ɗinki kuma lafiyarsa ƙalau. Wanda ya tsara shi ya yi amfani da sabuwar dabara, mai yiwuwa XLOOKUP, wadda Excel 2016 da 2019 ba su san ta ba, sai 2021 zuwa sama da 365. Wannan _xlfn alama ce ta cewa dabarar ta fi ƙarfin sigar da ke gabanki. Kada ki goge ta ki rubuta lambobi da hannu, za ki karya lissafin ofis. Ko dai a mayar da dabarar zuwa VLOOKUP, ko INDEX da MATCH, waɗanda kowane Excel ke ganewa, ko ki buɗe asusun Microsoft, wanda kyauta ne, ki riƙa aikin da Excel na cikin intanet in kina gida. Ki kuma tambayi mai kula da kwamfutocin ofishinku, domin galibin lasisin 365 na ma'aikata yana ba mutum ɗaya damar ɗorawa a kwamfuta har 5. In naku irin wannan ne, sai a cire 2016 a sa miki shi, magana ta ƙare.

Wasiƙa ta uku da hannu aka rubuto ta, daga wani dattijo a Gangare, kuma ita ta fi tsaya mini a rai. Ya ce shekaru da dama yana rubuta tarihin unguwa da na malaman da suka zauna a garin nan, da wasu waƙoƙin wa'azi, duk da Hausa, a Word 2003. Tsohuwar kwamfutar ta mutu, jikansa ya kwashe fayilolin zuwa sabuwa. Da aka buɗe, duk inda ya rubuta ƙasa sai a ga wata alamar baka, irin wadda ake rufe kalma a cikinta, a madadin harafin farko, ɗaya ma haka, ɓera ma haka. Hankalinsa ya tashi, yana tambaya ko za a iya dawo masa da Word 2003 kusa da sabon, ko rubutun ya dawo daidai.

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ka kwantar da hankalinka, ko harafi ɗaya bai ɓace ba, kuma ba Word 2003 kake nema ba. A zamanin da ka fara rubutun, haruffanmu masu lanƙwasa ba su da sauƙin samu a kwamfuta. Sai masana suka ƙirƙiro zubin haruffa na musamman, fitattu a cikinsu Rabi'at da Abdalla, na Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero a Kano. Dabarar ita ce, an ɗauki maɓallan da Hausa ba ta cika amfani da su ba, irin na baka-baka, aka zana ƙ da ɗ da ɓ a gurbinsu. In zubin yana kwamfuta, ido zai ga ƙ. In babu shi, sai alamar da ke ƙarƙashi ta bayyana. Sabuwar kwamfutarka ba ta da zubin, shi ke nan abin da ya faru. Da za a ɗora maka Word 2003 yau ba tare da shi ba, alamomin nan za ka sake gani.

Hanya mafi kusa, jikan naka ya buɗe ɗaya daga cikin takardun, ya danna kan rubutun, ya dubi akwatin sunan zubi da ke sama. Sunan da ya gani, ya nemo wannan zubin wajen masu buga littattafan Hausa ko tsofaffin maɗaba'u, ya ɗora, nan take rubutun zai koma yadda ka san shi.

Sai dai Baba, aiki irin naka bai kamata ya dogara da zubi ɗaya ba, domin duk wanda ka tura wa zai sake ganin alamomin. Yanzu haruffan Hausa suna da gurbinsu na dindindin a tsarin Unicode, wanda waya da kwamfuta duka suke ganewa. Ɗan saurayi, in kana saurare ɗauko biro. Da farko ka kwafi duk fayilolin a filashi ka ajiye gefe, a kan kwafi za ka yi aiki. A cikin Word, ka rubuta 0199 a sabon layi ka danna Alt da X tare, zai zama ƙaramin ƙ. Babban Ƙ shi ne 0198. Ƙaramin ɗ 0257, babba 018A. Ƙaramin ɓ 0253, babba 0181. Sai ka danna Ctrl da H, a akwatin sama ka sa tsohuwar alamar, a na ƙasa ka manna sabon harafin, ka ce a musanya duka. Haka za ka yi har sau shida, kowane harafi da nasa. Ka lura da wuraren da Baba ya yi amfani da baka na gaskiya, kada su ma su juye. In ka gama, ka mayar da rubutun zuwa Times New Roman, ka ajiye shi a sabon tsarin docx, ka kuma fitar da PDF. Don rubutun gaba, Windows tana da allon rubutun Hausa a cikin saitin harsuna, ka kunna masa. In an kammala, Baba, muna roƙon a buga wannan tarihi, mutanen Jos suna bukatarsa.

Wani matashi daga Rikkos ya turo gajeren saƙo, ya ce ya sa WPS Office a kan Microsoft Office, yanzu duk takardunsa WPS ke buɗewa. Ƙanena, waɗannan kamfanoninsu daban, WPS na kamfanin Kingsoft ne na ƙasar Sin, ba sa hana juna zama. Danna takardar da maɓallin dama, zaɓi Open with, ka nuna Word, ka ce kullum da shi za a riƙa buɗewa. Haka za ka yi wa ta Excel.

Na ƙarshe da za mu iya ɗauka yau, wani Alhaji ne mai kantin magani a Farin Gada. Ya ce tun da daɗewa wani ya haɗa masa manhajar lissafin kaya a kan tsohon Access, wato ɓangaren Office na ajiye bayanai, da ita yake sanin abin da ya shigo da abin da ya kusa lalacewa. Sabon Access ya ƙi buɗe ta, wanda ya haɗa ta kuma ya bar gari.

Alhaji, a duk wasiƙun yau kai ne mai bukatar tsohon da gaske. Daga Access 2013 an daina buɗe fayilolin da aka yi a tsarin Access 97, kuma ko waɗanda ba su kai haka tsufa ba, wani lokaci umarnin da aka rubuta a cikinsu ba ya tafiya a sabo, musamman a 64-bit. Ba sai an ɗora tsohon Office gaba ɗaya ba: a wajen girkawa a zaɓi Access shi kaɗai, a bar Word da Excel ga sabon. In sun ƙi jituwa, akwai manhaja kyauta mai suna VirtualBox da ke buɗe wata kwamfutar a cikin kwamfutarka, da tata Windows daban, a sa tsohon a can. Wannan tana son ƙwaƙwalwar aiki, in ram ɗinka bai kai gig 8 ba za ka sha jira. Ni dai da za ka bi tawa, ka ware tsohuwar laftof guda don wannan lissafin kawai, kada ta taɓa hawa intanet, kada a riƙa soka mata filashin kowa, kuma duk ƙarshen mako a kwafe fayil ɗin a ajiye a gida. A lokaci guda ka nemi mai ilimin abin ya buɗe shi da Access 2007 ko 2010 ya mayar da shi sabon tsari, tun kwamfutar tana da rai.

Dalilin da na ce a nisanta ta da intanet ya shafi mai shagon titin Bauchi ma, da duk mai riƙe da tsohon Office. Kamfanin yana daina toshe ɓarakar tsaro in wa'adin siga ya cika. Na 2007 ya cika a Oktoban 2017, na 2010 a Oktoban 2020, na 2013 a Afrilun 2023. Na 2016 da na 2019 wa'adinsu ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, rana ɗaya da Windows 10. Manhajar za ta ci gaba da buɗewa, amma duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano bayan ranar a buɗe za ta zauna, kuma takardun Word da Excel suna cikin hanyoyin da suka fi bi wajen shigo da cuta. In dole ka riƙe biyu, duk takardar da ta zo daga waje, ta imel ko WhatsApp ko filashin kwastoma, da sabon za ka buɗe ta. In wani ɗan layi ya fito a sama yana neman ka danna Enable Content a takardar da ba ka san asalinta ba, kada ka danna.

Na kuma san da yawa Office ɗin da ke kwamfutocinmu ba saye aka yi ba, an ɗora ne da 'yar manhajar fasa lasisi, wadda sai an kashe maganin bairos kafin ta yi aiki. Na san halin da aljihu ke ciki, amma banza ba ta kai zomo kasuwa, irin waɗannan manhajojin sau da yawa da ɓarawo suke shigowa, a kwamfutar da kake shiga asusun bankinka da ita. Wanda ba shi da halin sayen lasisi ya sauke LibreOffice. Kyauta ce ta halal, tun 2010 wata gidauniya mai suna The Document Foundation ke kula da ita, tana buɗe doc da docx da xls da xlsx, tana fitar da PDF, kuma tana zama kusa da kowane Microsoft Office ba tare da rigimar lamba ko ta 32 da 64 ba.

Masu buga katin biki da Publisher, na ga saƙonninku guda biyu. Wa'adin wannan manhaja Oktoban 2026 ne, kuma ba ta cikin Office 2024, saboda haka ku mayar da tsofaffin ayyukanku PDF tun yanzu. Sauran bayanin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, domin mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. Mai aiko da tambaya ya riƙa rubuta mana shekarar Office ɗinsa da irin Windows ɗin da ke kwamfutar, da ainihin kalmomin da suka fito a allo. A huta lafiya.